Zabuwa a jikin kanta: yadda wani shagon kayan noma a Maradi ya koya wa yaransa aiki

Shagon da mutanensa

Shagon yana bakin ɗaya daga cikin hanyoyin da ke shiga babbar kasuwar Maradi, ƙofa biyu a gaba, mangaza mai rufin kwano a baya. Kayan noma ake sayarwa: takin zamani, iri, maganin ƙwari, maganin ciyawa, famfon feshi, buhunan ajiyar wake, da ɗan maganin dabbobi saboda masu kiwon jar akuya. Da muka ƙidaya a ƙarshen 2022, kayan sun kai iri 140. Masu saye galibi manoma ne daga ƙauyukan Madarunfa, Tibiri, Gidan Rumji da Dakoro, sai ƙananan ƴan kasuwa da ke sarin kwali su kai kasuwannin ƙauye. Kaso mai yawa na kayan ta Jibiya da Ɗan Isa yake shigowa daga Katsina da Kano, rubutun jikinsa Ingilishi. Wanda ya biyo ta Yamai kuma Faransanci ne.

Mai shagon Alhaji ne, ba kullum yake zama ba. Wanda ke riƙe da komai wani dattijo ne da kowa ke kira Baba, ya haura shekara ashirin a mangazar. Akwai yara huɗu na dindindin, sai shida da ake ɗauka a watan Mayu a sallame su bayan kaka. Ni kuwa lissafin shagon nake riƙewa, kwana biyu a mako, shi ya sa littafin da ake rubuta kuskuren yara yake hannuna.

A cikin yaran goma na daminar 2023, uku sun yi boko har suna karanta Faransanci. Biyar suna haɗa baƙi da Hausar boko, mafi yawansu a hirar WhatsApp suka goge. Biyu allo kaɗai suka yi, ajami suke karantawa. Masu babbar waya huɗu ne.

Baba bai taɓa rubuta abin da ya sani ba. Ya san kwalbar da ke kashe ciyawa da wadda ke kashe tsutsa ko da an ɓare takardar jikinsu. Ya san cewa takin yuriya yana shan raɓa ya dunƙule, don haka ba a jingina buhunsa da bango, ba a kuma ajiye shi a ƙasa sai a kan katako. Yaro ya zo sabo, koyonsa shi ne ya bi bayan Baba, ya yi kuskure, a yi masa faɗa.

Satumba 2022: kwalbar da aka miƙa

Ranar wata Juma'a, Baba ya tafi masallaci da wuri, wani manomi daga yankin Madarunfa ya shigo yana sauri zai kama mota. Ya ce tsutsa na cin furen wakensa. Yaron da ke kanta, watansa huɗu a shagon, ya ɗauko kwalba mai lita ɗaya, fara mai koren murfi, irin wadda ya ga Baba yana bai wa masu wake. Akwai kwalabe biyu masu wannan kama a layi ɗaya. Wadda ya miƙa gilifoset ce, maganin ciyawa da ba ya zaɓe: duk koren ganyen da ya taɓa sai ya bi shi har saiwa. Ba ya nuna aikinsa nan take, sai bayan kwanaki ganye ya fara rawaya.

Bayan kwana tara manomin ya dawo da reshen wake a cikin leda da kwalbar da saura kaɗan a ciki. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye su a kan kanta ya ce, "Alhaji, ga abin da yaronka ya ba ni, ga abin da ya zama." Alhaji ya tura mutum ya duba gonar, aka yi sulhu a gaban mai gari, ya biya jika 120 na sefa. Yaron ya kwana biyu bai iya cin abinci a cikin mutane ba. Ba a kore shi ba, domin Baba ya tsaya masa: "Alhaji, ni na jera kwalaben nan wuri ɗaya. In akwai laifi, a raba mana."

A wannan damina, daga Yuni zuwa Satumba, littafina ya nuna kuskure 23: ba da kayan da ba shi aka nema ba, fitar da sabon kaya a bar wanda ya kusa lalacewa, faɗa wa manomi awon da ba daidai ba.

Oktoba 2022 zuwa Janairu 2023: karatun safe

Abu na farko da aka yi shi ne wanda kowa zai yi. Aka raba maganin ciyawa da na ƙwari, kowanne da kantarsa. Sannan aka ce kowace Asabar da safe Baba zai zaunar da yara rabin awa ya yi bayani, aka kuma buga takarda shafi shida da Faransanci aka raba.

Rabon kantar ya tsaya har yau. Karatun kuwa mako biyar ya yi. Baba mutum ne mai nunawa da hannu, in aka zaunar da shi a benci sai magana ta tsere masa, ya fara daga taki ya ƙare a labarin farin 1984. Takardun ma, bayan wata ɗaya na ga ɗaya an naɗe ƙosai da ita.

Fabrairu 2023: matsefi

Ɗan ƙanen Alhaji, ɗalibi a jami'ar garin, shi ya kawo shawarar lambar zane-zanen da ke jikin kaya, wadda yara suke kira matsefi saboda kamarta. Aka sayi na'urar haskawa ta hannu jika 20, aka jona ta da tsohuwar kwamfutar da nake lissafi da ita. Manufar ita ce yaro ya haska kwalba, bayaninta ya fito.

Wannan lamba tsohuwa ce. Wasu Amurkawa biyu, Norman Woodland da Bernard Silver, suka samu rajistar ƙirƙirarta a 1952, kuma a ranar 26 ga Yuni 1974 aka fara haska ta a wani kanti a garin Troy na jihar Ohio, a jikin fakitin cingam. Abin da ba mu lura da shi ba sai da muka gwada shi ne, babu wani bayani a cikinta. Alƙaluma 13 ne kawai aka mai da zane. Na farkon suna nuna ƙasar da kamfanin ya yi rajista, misali 615 na Najeriya ne, na ƙarshe kuma na tabbatar da cewa na'ura ta karanta daidai. Sunan kaya, amfaninsa da haɗarinsa, duk sai wani ya zauna ya shigar da su a kwamfuta.

Muka zauna muka shigar. A nan aka ga cewa a cikin kaya 140, waɗanda ke da matsefin da ke karantuwa ba su kai 60 ba. Buhun taki babu. Irin hatsi da na wake da ake aunawa a tiya babu. Wasu kwalaben an buga zanen ya cakuɗe, wasu kuma kaya biyu daban lambarsu ɗaya. Ga shi na'urar wayarta mita biyu ce, sai an ɗauko kaya an kawo gaban teburina. Mako uku aka naɗe ta aka sa a aljihun tebur.

Maris da Afrilu 2023: zabuwa da bidiyo

Ɗalibin bai karaya ba. Ya ce a bar lambar kamfani, mu yi tamu, irin mai kusurwa huɗu da ake kira QR. Yara na ganinta suka sa mata suna zabuwa, saboda ɗigon baƙi da fari. Ita wannan a Japan aka ƙirƙiro ta a 1994, a kamfanin Denso Wave, a hannun wani injiniya Masahiro Hara, domin bin diddigin kayan gyaran mota a masana'anta. Tana ɗaukar rubutu na gaske, har haruffa sama da 4,000, kuma kowace babbar waya na iya karanta ta.

Ya nemo bidiyoyi da shafukan intanet masu bayanin magunguna, ya yi wa kaya 40 zabuwa, kowace tana kai mutum ga shafi. Aka buga su da ƴar injin rasit, aka manna a kanta.

Cikin mangaza rezo ba ya kama sosai, sai yaro ya haska ya fito bakin ƙofa yana ɗaga waya. Bidiyo na cin data, kuma daga aljihun yaron take fita. Bayanin da Faransanci ne ko Ingilishi, ana nuna gonakin da ake feshi da tarakta. Azumi ya kama a ƙarshen Maris, zafin Afrilu ya haura digiri 40 a waje, ƙarƙashin kwano kuwa sai wanda ya shiga. Takardar rasit da zafi ake rubutu a kanta, don haka zafi ne ke ɓata ta: kafin sallah rabin zabin sun dushe, na kusa da rufi sun yi duhu. Na ƙarshe, shafin da ya yi amfani da shi wajen haɗa lambobin na gwaji ne na ɗan lokaci. Da wa'adin ya cika, duk wanda ya haska sai a nuna masa talla da neman kuɗi.

Mayu 2023: wasan farauta

Da sababbin yara shida suka zo, aka sake buga zabi 20 a wurin masu fotokofi, wannan karon rubutu ne a ciki kai tsaye. Aka shirya wasa: an ɓoye lambobin a lungunan mangaza, kowace tana ɗauke da bayani kan kaya ɗaya da kalmar sirri, tana kuma nuna inda ta gaba take. Wanda ya fara haɗa kalmomi 20 ya ci jika biyu.

Ranar farko mangaza ta cika da dariya da guje-guje. Alhaji da kansa ya tsaya kallo. An yi wasan sau huɗu a cikin mako biyu, kuma ga abin da na gani da idona.

Masu babbar waya huɗu ne ke wasan, sauran shida suna bin su a baya. Babu mai karanta bayanin, ido na kan kalmar sirri da ke ƙasa. A karo na biyu, wani ya gano cewa hoton zabuwa ma yana haskuwa, sai ya ɗauke su duka ya tura wa abokinsa, suka zauna a kan buhu ɗaya suna haska wayar juna, suka gama cikin minti huɗu ba tare da sun taka ko'ina ba. A karo na uku, garin gudu aka ture kwali, kwalbar maganin ƙwari ta fashe, aka rufe mangaza rabin yini ana zuba yashi ana kwashewa. A karo na huɗu, ɗaya daga cikin masu ajami, yaro mai hankali daga wajen Tibiri, ya tsaya riƙe da wayar da aka ara masa ya kasa karanta abin da ya fito, wani ya yi masa dariya. Washegari bai zo ba, bai kuma sake zuwa ba. Har yanzu abin yana damuna, domin ina wurin kuma ban ce komai ba.

Bayan wasa na huɗu, Baba ya kira yaron da ya ci sau uku, ya ɗora kwalabe biyar a kan buhu ya ce ya ware masa na ciyawa. Ya ware biyu daidai, ɗaya ba daidai ba.

Yuni 2023: aka juya abin

Alhaji ya so a watsar da komai. Baba ne, wanda tun farko bai yarda da zabuwa ba, ya ce a dakata. Ya ce da ɗalibin, "Ɗana, wannan abin naka amfaninsa ɗaya na gani. Ido ba ya iya karanta shi. To ka rufe amsa a ciki, tambaya ta zauna a fili. Yaro ya faɗi tasa tukuna, sannan a buɗe."

A kan wannan magana aka gina sabon tsari, cikin kwana goma.

Aka yi kati 45, girman tafin hannu. A sama tambaya ce da Hausar boko, manyan baƙaƙe, a ƙarƙashinta Baba ya rubuta ta da ajami da hannunsa. A ƙasa zabuwa, amsa na ciki. Tambayoyin ba na hadda ba ne, maganar da manomi ke shigowa da ita ce. Kati na 14, misali, cewa ya yi: "Mutum ya ce tsutsa na cin furen wakensa. Ɗauko abin da za ka ba shi, ka faɗi tambaya biyu da za ka yi masa kafin ka miƙa." In aka haska sai a ga: "Kanta ta 3, layin sama. Maganin ƙwari, ba na ciyawa ba. Tambaye shi me ya zuba a famfonsa na ƙarshe, da yaushe za a tsinki ganye ko wake a ci. Murya 14."

Wannan "Murya 14" fayil ne a cikin katin ajiyar waya. Ɗalibin ya bi Baba cikin mangaza kwana uku yana naɗar muryarsa, yana tsaye a gaban kayan, yana riƙe da su, ba fiye da minti ɗaya ba kowanne. A tsaye maganar Baba ba ta ɓacewa. A murya ta 9 yana bayanin zanen launi da ke gindin takardar kwalba: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. A ta 22 yana magana kan ƙwayar da ake sa wa wake a ajiya, wadda ke fitar da iska mai guba da zarar ta ji danshi, yana cewa, "Ka tambaye shi ina zai ajiye buhun. In ya ce ɗakin da ake kwana, kada ka sayar masa, ko zai zage ka. Ka nuna masa buhu mai riɓi uku." Buhun da yake nufi shi ne PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda in an ɗaure shi da kyau ƙwarin ke mutuwa don rashin iska, ba tare da magani ba. A ta 30 kuma kan irin da aka rina da magani ne, wanda ba a ci ba a kuma bai wa kaji.

Aka sayi waya guda ta shago, jika 35, aka hana amfani da ta kowa. Aka haɗa yara biyu-biyu, mai boko da wanda bai da shi, tsoho da sabo. Kowace safiya bayan shara, kafin a buɗe ƙofa, kowane biyu su ja kati uku. Ɗaya ya karanta, ɗayan ya je ya ɗauko kayan da hannunsa ya faɗi amsa da baki, sannan a haska, sannan a saurari murya. Gobe a yi musaya. Ba a gudu, ba a duba agogo. Duka minti goma sha biyar ne.

Maki kuwa ƙwayar wake ce. Amsa daidai, a jefa ƙwaya ɗaya a kwalba guda ta kowa da kowa. Wani lokaci Baba kan sauya wa kwalbar magani wuri da gangan da daddare, ko ya tura kwalin da ya kusa lalacewa can baya, wanda ya gano ya jefa uku. In wake ya kai zaren da aka ɗaura a wuyan kwalbar kafin Juma'a, Alhaji ya sayi tsire da shayi, kowa ya ci, har da ni.

Katunan na zaune a kwali uku. Wanda aka faɗi ya koma kwali na farko, gobe zai sake fitowa. Wanda aka ci ya wuce na biyu, sai bayan kwana uku. In aka sake cinsa ya shiga na uku, sai bayan mako biyu. Ɗalibin ne ya kawo wannan, ya ce tsarin wani Bajamushe ne, Sebastian Leitner, na shekarun 1970, kuma tun 1885 wani Bajamushen, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko, maimaici a rarrabe kuma na rage ta. Baba ya ce wannan ai tilawa ce, duk wanda ya yi allo ya san ta.

Sai ƙananan abubuwan da suka ci mana lokaci. Yawan rubutu na ƙara yawan ɗigo: ƙaramar zabuwa layi 21 ce a tsaye 21 a kwance, babbar kuwa 177, kuma kyamarar waya mai araha ba ta rarrabe ƙananan ɗigo a duhun mangaza. Don haka aka tsayar da kowace amsa kada ta wuce layi uku, aka buga kowace lamba santimita biyar, da farin fili kewaye da ita. Lambar na da matakai huɗu na jure lalacewa, daga kashi 7 cikin ɗari zuwa kashi 30, muka ɗauki na kashi 25 saboda ƙura da yatsun da suka taɓa taki. Da aka rufe katunan farko da leda mai ƙyalli, hasken tocila ya riƙa dawowa cikin kyamara, sai aka koma marar ƙyalli. Manhajar farko kuma ta mai da ƙ da ɗ da ɓ wasu alamomi marasa ma'ana, har "ƙwari" ya kasa karantuwa, sai da muka gwada uku kafin a samu mai nuna su daidai kuma ba ta neman intanet.

Agusta 2023: rufe iyaka da ɗauke wuta

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, aka rufe iyaka da Najeriya, aka kuma yanke wutar da ke zuwa daga can. Kwamfutata ta koma sai an samu wuta. Wasan safe bai tsaya ba, domin amsa na cikin katin, murya na cikin wayar, ita kuma ƙaramin faifan sola ya ishe ta.

Inda abin ya taɓa mu shi ne kaya. Waɗanda aka saba sun yanke, wasu masu sababbin sunaye da sabuwar kwalba suka maye gurbinsu. Kati 18 suka tashi aiki a mako biyu, kuma duka waɗanda muka rubuta sunan kamfani ne a cikin amsarsu. Waɗanda suka ce a duba sunan sinadarin da ke ƙarƙashin babban suna, da launin gindi, da hoton ciyawa ko na ƙwaro, ba su motsa ba. Aka sake rubuta 18 ɗin a kan wannan hanya. Mai ajamin da ya rage da masu Hausar boko suka koyi gane siffar kalmomi kaɗan, gilifoset, farakwat, sifametirin, kamar yadda ake gane fuska. Baba ya rubuta su da ajami a jikin kanta, kusa da yadda suke a kwalba.

Oktoba 2023: abin da littafi ya nuna

Daga Yuni zuwa Satumba 2023 na rubuta kuskure 8, a maimakon 23 na bara. Amma ciniki ya ragu daga Agusta saboda rufe iyaka, don haka na ware watanni biyun farko, lokacin da kasuwa ke tafiya kamar kullum: Yuni da Yuli 2022 kuskure 11, Yuni da Yuli 2023 kuskure 5, huɗu daga ciki kafin a fara katunan a tsakiyar Yuni. Ba a sake musanya maganin ciyawa da na ƙwari ba. Abin da ya rage galibi ƙidayar kwali ne da fitar da sabon kaya kafin tsoho.

A da, Baba ba ya barin sabon yaro shi kaɗai a kanta sai ya yi kamar mako shida. A wannan shekara ya bar uku daga cikin biyar bayan mako uku da fara katunan. Sau biyu na ji yaro ya ƙi sayar da ƙwayar ajiya bayan ya tambayi inda za a sa buhu.

Kwalbar wake ta kai zare Juma'a 11 cikin 15. Kuɗin da aka kashe a tsarin da ya yi aiki, waya da bugu da leda, bai kai jika 50 ba, ban da tsire. Bayan an sallami yaran damina wasan ya yi sanyi, a Nuwamba sau biyar kawai aka yi shi.

Abin da na fahimta

Ba zan ce zabuwa ce ta rage kuskure ba, domin zabuwar da aka yi farauta da ita a Mayu ita ce dai aka yi wasan safe da ita a Yuni. A farauta, lada na wurin haskawa, sai yara suka ƙware a haskawa. A wasan safe, haskawa na zuwa ne bayan yaro ya riga ya ɗauko kwalba ya furta amsa a gaban abokinsa, don haka abin da ya maimaita sau da yawa shi ne ainihin aikin da zai yi wa manomi. Rabon kanta da aka yi tun Oktoba 2022 ma yana da nasa kason a rashin sake musanya kwalba, kuma ba ni da hanyar raba kason kowanne.

Aikin da lambar ta yi ƙarami ne, amma na gaske. Ta ɓoye amsa a inda kowa ke gani, ba a leƙa ta da wutsiyar ido kamar rubutun bayan kati, kuma da yake wayar guda ce, sai an zo gaban kowa za a buɗe. Tana da arhar sauyawa, abin da ya cece mu a Agusta. Wajen murya kuwa, lambar 14 da aka rubuta da alƙalami za ta iya yin abin da zabuwa ta yi. Matsefi da bidiyo sun faɗi ne saboda an kawo su daga inda kowane kaya ke da rajista, kowane ma'aikaci ke da data da harshen takarda. Farauta ita ce ta fi ba ni takaici, domin ta yi kama da nasara, kowa na dariya, alhali ta ware yara shida ta kori ɗaya.

Abin da ya fi tsada a cikin duk wannan shi ne muryar Baba, wadda shekara ashirin tana cikin mangazar babu wanda ya ajiye ta. Fayilolin yanzu sun kai 61, an kwafe su a waya biyu da kwamfutata. Yaron da ya miƙa kwalbar nan a 2022 shi ke riƙe da kwalayen kati, shi ke rubuta sababbin tambayoyi daga abin da ya ji manoma na faɗa a kanta. Kantar maganin dabbobi ce kaɗai ba ta da kati ko ɗaya. Baba ya ce ba zai sa muryarsa a kan awon allurar akuya ba sai likitan dabbobi ya zo ya zauna da shi sun bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya, kuma Alhaji ya yi alƙawarin kawo shi kafin a ɗauki yaran damina mai zuwa.